Masaukin Shafinka na Farko: Duba Ƙofar Fita Kafin Ka Shiga

 Shirinmu na yau na mai shagon atamfa ne, da shugabar makarantar Islamiyya, da sakataren ƙungiyar manoma, da duk wanda ya ƙudura buɗe shafinsa na intanet karon farko, ya leƙa wurin kamfanonin da ke ba da hayar masaukin shafi, ya tarar da farashi hawa-hawa: ga na masu farawa, ga na 'yan kasuwa, ga na manya, kowanne da jerin alkawuransa. Yawancin masu ba da shawara za su ce a duba ƙarfin na'ura da girman wurin ajiya da sauri. Ni a ganina akwai tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi: ranar da ka so tashi daga wannan kamfani, za ka iya tashi da sunan shafinka da kayanka cif-cif, ko kuwa sai ka baro su? Wanda ya sami gamsasshiyar amsa a kan wannan, ya sayi masauki mafi ƙanƙanta na ɗan gajeren lokaci, ya kwana da hankalinsa kwance.

Tukuna ma, me ake saya? Shafin intanet tarin rubutu ne da hotuna da 'yan manhajoji da ke zaune a cikin wata kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, ita ce ake kira sabar. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe wa jama'a a 1991 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, a cikin kwamfuta guda yake, har sai da aka manna mata takarda ana gargaɗin kada wani ya kashe ta. Sana'ar masu masauki ke nan har gobe: su tabbatar wuta ba ta ɗauke ba, intanet bai yanke ba, na'ura ba ta yi zafi ba, ɓarayi ba su kutsa ba. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu ya san abin da ya sa ba za ka ajiye wannan kwamfuta a ɗakinka ba. Amma abu biyu ake biya wa kuɗi, kuma a nan masu farawa ke rikicewa. Akwai masauki, akwai kuma adireshi, wato sunan da mutum zai rubuta ya iso gare ka, mai ƙarewa da .com ko .ng ko .ne. Masauki tamkar rumfar haya ce a kasuwa, adireshi kuwa sunan da masu saye suka san ka da shi. In mai rumfa ya tsawwala, ka kwashe kayanka ka koma wani layi. Muddin sunan na hannunka, masu saye za su biyo ka. In kuwa sunan ne ya kuɓuce, komai kyan sabuwar rumfa, daga tushe za ka sake farawa.

Mafi arahar masauki shi ne na haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke raba sabar guda, kamfani kuma shi ke kula da gyaranta da tsaronta. Sama da shi akwai wanda ake kira VPS, inda ake yanka maka wani kaso na na'urar ya zama naka kai kaɗai, sannan sabar sukutum ga mutum ɗaya. Mu yi lissafi mu ga abin da shafin farko yake buƙata. A ce kowane feji da hotunansa ya kai megabayit 2, a ce mutum 100 ke ziyartarka kullum, kowa ya buɗe feji 3. Megabayit 600 ke nan a rana, kimanin gigabayit 18 a wata. Kuma baƙi 100 a kullum ba ƙaramin rabo ba ne ga sabon shafi. Masaukin haɗaka na masu farawa zai ɗauki wannan nauyi ba tare da wata wahala ba. Wanda ya tsallake ya kama VPS don a ce shi ma babba ne, sau da yawa bai san cewa mai arahar cikinsu fanko ake miƙa maka shi ba: kai za ka girka manhajoji, kai za ka riƙa toshe ɓarakar tsaro duk lokacin da aka gano sabuwa. Na'ura mai ƙarfi a hannun wanda bai iya kula da ita ba ta fi ta haɗaka sauƙin kutse.

Wani zai ce, to in Allah ya buɗa, shafin ya bunƙasa fa? Ba gara a kama babba tun yanzu ba? Ai babu kamfanin masauki a duniya da zai hana ka ƙara masa kuɗi. Hawa daga ƙaramin tsari zuwa babba a kamfani guda yawanci aikin 'yan mintoci ne, su ne ma za su riƙa damunka da saƙo suna cewa ka hau. Saukowa ce ke da wuya, domin kuɗin da ka riga ka biya ba kasafai yake dawowa ba da zarar wa'adin mayar da kuɗi ya wuce, wanda a kamfanoni da yawa kwana 30 ne. Gaskiya ne haɗaka tana da aibinta: in maƙwabcinka a sabar ya ja ƙarfi da yawa, kai ma za ka ji a jikinka, shafinka ya riƙa jan ƙafa. Maganin haka shi ne tashi, tashi kuwa ba ya yiwuwa sai ga wanda bai ɗaure kansa ba.

Da farashi ake fara ɗaure mutum. Adadin da manyan kamfanonin waje ke rubutawa da manyan baƙaƙe a tallansu, wai kaza a wata, galibi farashin maraba ne, kuma ba ka samunsa sai ka biya na shekara uku ko huɗu a dunƙule. Ranar sabuntawa sai ka ga kuɗin ya ninka biyu, wani lokaci ma uku. Ba su ɓoye ba, sun rubuta tun farko, amma da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Saboda haka in za ka gwada kamfani da kamfani, farashin sabuntawa za ka aza a sikeli. Mai biya daga Najeriya kuma yana da ƙarin lalura. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura naira 1,500. Wanda ke biyan masauki da dala ya ga kuɗinsa ya ninka uku alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Tun kafin nan ma, a 2022, bankuna da dama sun taƙaita ko sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a waje, sai ya zama ga kuɗi a asusu amma ba hanyar biya, wa'adin haya kuwa ba ya jira. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu biyan kamfanonin Turai sun fi samun sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya.

A nan mai kaifin lissafi zai ce: Malam, ai ka kama kanka da bakinka, domin wanda ya biya shekara uku a dunƙule a farkon 2023 shi ya ci riba, ya tsere wa faɗuwar naira. Haka ne, ya ci. Amma a lura da abin da ya yi. Sa'a ya gwada a kan canjin kuɗi, ya kuma damƙa kuɗin shekara uku ga kamfanin da bai taɓa jarrabawa ba, saboda shafin da shi kansa bai san yadda zai kasance nan da wata shida ba. Shekarar farko ta koyo ce. A cikinta za ka gane ko masu sayenka suna buɗe shafin, ko ma'aikatan kamfanin suna amsa kira idan abu ya ɓaci, ko tsarin da aka gina maka shi ne ya dace da kai. Ka biya wata-wata, ko na wata uku, in ya yi yawa na shekara guda. Kuɗin wata zai ɗan ɗara, amma da wannan ɗoriyar ka sayi damar tashi duk ranar da ka ga dama. In shekara ta zagayo kamfanin ya cika alkawari, sai ka nemi rangwamen dogon zango, ka san abin da kake saya.

Abin da ya fi farashi haɗari shi ne adireshi. Yadda aka saba a wurinmu, a ba wani matashi da ya iya kwamfuta aikin gina shafi, shi kuma don sauƙin aiki ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa. A wurin masu rajista, wanda sunansa ke rubuce shi ne mai adireshi, ko wa ya biya kuɗin. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 don kula da tsarin sunaye na intanet, ta tanadi hanyar da mai adireshi irin .com zai ɗauke shi daga wani kamfanin rajista zuwa wani: ya karɓi wata lambar sirri ta canji ya kai wa sabon kamfani, sai dai ana iya hana canjin a cikin kwana 60 na farko bayan rajista. Adireshin .ng kuwa yana hannun ƙungiyar NiRA, ta hanyar kamfanonin da ta amince wa. To, duk wannan haƙƙi na wanda aka rubuta ne. Shi ake ba lambar, shi kuma ake aika wa saƙon gargaɗi cewa wa'adi ya kusa cika. Adireshi ba a sayensa dindindin, shi ma haya ne. In wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, akan ɗan ɗaga ƙafa, sannan a .com akwai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, daga nan a sake shi, kowa ya riga ya ɗauka. Sunan da ka buga a allon shago da takardun makaranta da jikin mota sai ya koma hannun baƙo. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau a yi rajistar adireshi a kamfani dabam da na masauki, da sunanka, da imel ɗin da kai kake buɗewa. Kyautar adireshi ta shekara guda da ake haɗawa da masauki ba laifi ba ce, amma a tambaya nawa ne shekara ta biyu, kuma da sunan wa za a rubuta shi.

Na san akwai mai jin nauyi. Zai ce mai gina shafin ɗan yayata ne, ko ɗalibina ne, in na ce sai an sa sunana kamar na zarge shi ne. Ai ba sai da mugun nufi ake yin asara ba. Yaro na iya samun aiki ya bar ƙasa, ko wayarsa ta ɓata da lambobin sirrin a ciki, ko ya manta da imel ɗin da ya buɗe shekara uku da suka wuce, ko kuma ta Allah ta kasance. Rubutawa ba zargi ba ce: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma da muminai take magana a kan mu'amalarsu da junansu. Mai gina shafi na ƙwarai shi da kansa zai zaunar da kai ya buɗe asusun da sunanka, sannan ka ba shi izinin shiga ya yi aikinsa. Wanda ya yi ta kauce-kauce a kan wannan ya riga ya nuna maka halinsa.

Sai kayan da ke cikin shafin. Da tsakar daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu ba da masauki a Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya lalace, miliyoyin shafuka suka rufe a lokaci guda. Ba a rasa rai ba, amma akwai waɗanda suka rasa bayanansu har abada, ciki har da masu biyan kuɗin kwafin ajiya, waɗanda daga baya suka gane cewa kwafin nasu a harabar da gobarar ta tashi aka ajiye shi. Wannan na iya faɗa wa kowane kamfani, don haka kwafin da ke hannun mai masauki kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Kafin ka biya, ka tambaya: zan iya sauke shafina gaba ɗaya zuwa kwamfutata, da fayiloli da rumbun bayanai, duk lokacin da na so, ba neman izini ba ƙarin kuɗi? A nan manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da ita, take da fifiko ga mai farawa. Tana da nata ɗawainiya, domin sai an riƙa sabunta ta a kai a kai, in an yi sake ta nan ake kutsowa. Amma kusan kowane kamfanin masauki yana karɓarta, kayanka za su shiga ko'ina. Dandali irin Wix, wanda ke ba ka damar jan hoto ka ajiye ka ga shafi ya fito nan take, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai shafin da ka gina a can a can yake zama. In za ka tashi, sai dai ka kwashi rubutu da hotuna ka sake gini. Wanda ya zaɓi haka da saninsa bai yi laifi ba.

Sauran alkawuran talla ba su cancanci dogon bayani ba. In an ce wurin ajiya mara iyaka, a karanta sharuɗɗa, za a tarar da iyaka a kan yawan fayiloli ko ƙarfin da shafi ɗaya zai ja. In an ce shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari, an yarda ke nan ya rufe kusan awa 9 a shekara. Kashi 99 kuwa kwana uku da rabi ne har da ɗoriya, kuma diyyar da aka saba bayarwa ragin kuɗin haya ce, ba a biyan cinikin da ka rasa. Takardar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https, wadda in babu ita manhajar Chrome tun Yulin 2018 take nuna wa baƙo cewa shafin ba shi da tsaro, kyauta ake samunta daga Let's Encrypt tun ƙarshen 2015. Kamfanin da ya ce sai ka biya kafin ya saka maka irin wannan, ka san irin cinikin da za ku yi nan gaba. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo: aika musu da tambaya da dare ko ranar Lahadi kafin ka saya, ka ga yaushe za su amsa, kuma mutum ne ya karanta tambayar ko amsa ɗaya ce ake tura wa kowa.

To, na gida ko na waje? Masu cewa na gida suna da hujja. Da naira ake biya, kuma za ka sami mutum a waya a lokacin da ku biyun kuke farke. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS, Najeriya da Gana da Kwaddibuwa suka shiga matsalar intanet ta kwanaki, mutane sun tuna da amfanin ajiye bayanai a cikin ƙasa, inda saƙo zai bi ta mahaɗar intanet ta cikin gida, wato IXPN, ba sai ya tsallaka teku ba. Sai dai a yi hattara, kamfani na iya zama da ofis a Kano ko Legas alhali sabar da yake sayarwa tana Amurka ko Jamus, dillanci yake yi. Dillanci ba aibi ba ne, amma ka tambaya ka sani, musamman in shafin zai riƙa karɓar sunayen ɗalibai ko lambobin wayar masu saye, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora maka alhakin tsare su. Batun sauri kuwa an zuzuta shi fiye da kima. Nisan teku ɗan ɓangaren daƙiƙa yake ƙarawa, alhali hoto guda da aka ɗauka da waya aka ɗora ba a rage masa nauyi ba yana iya kai megabayit 4 ko 5, ya cinye datar baƙo ya kuma bar shi yana jira. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa fiye da rabin masu shiga da waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Rage nauyin hotuna zai yi maka abin da masauki mai tsada ba zai yi ba.

Saura masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne: ga Facebook, ga Instagram, ga WhatsApp, kyauta, kuma can jama'a suke. Ban musa ba. Mai sayar da turaren wuta da ke cinikinta lafiya ta WhatsApp wataƙila ba ta buƙatar shafi ko kaɗan, kada wani ya ruɗe ta ta zubar da jarinta. Amma wanda yake son wurin ajiye jadawalin makaranta, ko kundin kayansa, ko rubuce-rubucensa na shekaru, ya tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma a dandalin wani babu irin ƙofar da muke magana a kai. GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko kyauta, Yahoo ya saye shi a 1999, ya rufe shi a 2009 in ban da reshen Japan. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, wata bakwai ke nan, kuma ba a shawarci masu kasuwanci a can ba. A yi amfani da dandalan nan wajen kiran jama'a, a turo su zuwa adireshin da ke hannunka.

In ranar tashin ta zo, aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba, amma yana da ƙa'ida. Ba a fara sallamar tsohon masauki. Sai ka kama sabon, ka ɗora kwafinka a can, ka gwada ka ga komai na aiki, sannan ka shiga asusun adireshinka ka canza inda yake nunawa. Canjin yakan bazu cikin 'yan awoyi, wani lokaci ya kai kwana biyu. A tsakanin nan wasu baƙi za su riƙa isa tsohon wuri, wasu sabon, shi ya sa ake barin tsohon a kunne na mako guda ko fiye. Kamfanoni da dama ma kyauta suke yi wa sabon mai haya wannan ƙaura. Abin da aka fi mantawa shi ne imel. In akwatin saƙonka mai ɗauke da sunan shafin a tsohon masauki yake, tsofaffin wasiƙu ba za su biyo ka da kansu ba, sai an kwashe su kafin a rufe asusun.